RA'AYINMU: A Bar Yaranmu Su Koyi Haɗa Jirgi Mara Matuƙi, Amma a Bainar Jama'a

A 'yan shekarun nan da wuya a yi wani babban taro a Garwa, ko bikin auren masu hali ko hawan sallah, ba a ga wani ɗan ƙaramin jirgi mai farfela huɗu yana shawagi a kan jama'a yana ɗaukar hoto ba. Manya kan ɗaga kai su dube shi su ci gaba da harkarsu, amma yara da samari ba sa ɗauke ido daga kansa har sai ya sauka. A cikinsu kuwa akwai waɗanda tambayarsu ta wuce ta kallo, suna son sanin me ke cikinsa, kuma ko mutum zai iya haɗa irinsa da hannunsa. Amsar ita ce ana iyawa, domin a ƙasashe da dama haɗa irin wannan jirgi yana cikin ayyukan da ake fara koya wa ɗalibi mai sha'awar lantarki.

Abin da ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana shi ne, a wannan yanki namu yaron da ya ɗauki wannan aiki yana tsakanin abubuwa biyu. Ko dai a yi masa dariya a ce ya rasa aikin yi, ko kuma a zarge shi da abin da bai taɓa tunani ba, har ya kwana a hannun jami'an tsaro. Ra'ayin wannan jarida shi ne duka biyun asara ce. Ya kamata a koyar da wannan sana'a a makarantunmu, a fili, da sanin hukuma da ƙa'idoji bayyanannu, kuma babu inda ya fi cancanta a fara kamar ƙasar Rey Bouba.

Dalilinmu na ambaton Rey Bouba ba ɓoyayye ba ne. A nan ne gandun dajin Bouba Ndjida yake, wanda ya ci sunan wanda ya kafa masarautar, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1968, kuma faɗinsa ya kai kadada dubu 220 har zuwa kan iyakar Cadi. Ba mu manta da farkon shekarar 2012 ba, lokacin da mafarauta a kan dawakai, ɗauke da manyan bindigogi, suka ƙetaro iyaka suka yi makonni suna karkashe giwaye ɗaruruwa saboda haurensu, kafin a tura sojoji. A watan Fabrairun 2018 kuma sojoji shida da 'yan rakiya biyu suka rasa rayukansu a cikin wannan daji a hannun irin waɗannan mutane. Kafin wannan duka, baƙin karkandan Afirka ta Yamma, wanda arewacin Kamaru ne mafakarsa ta ƙarshe a duniya, an neme shi an rasa, har aka bayyana ƙarewarsa a 2011. Duk wanda ya san dajin nan ya san cewa ƙafa da babur ba za su iya kewaye shi ba, balle da damina idan rafuka suka cika hanyoyi suka yanke. Ido daga sama ba ado ba ne a irin wannan wuri.

Ba daji kaɗai ba. Manomin auduga da na masara a Mayo-Rey da Binuwai yakan gane tsutsa ta shiga gonarsa ne bayan ta gama ɓarna a tsakiya, tun da daga bakin gona yake dubawa. Mutanen da ke zaune a gaɓar kogi, sama da ƙasan madatsar ruwa ta Lagdo da aka kammala a 1982, sun ga abin da ambaliyar 2012 ta yi, kuma har yau suna bukatar wanda zai nuna musu a hoto inda ruwa ke bi da inda ya kamata a guje wa gini. Rikicin manoma da makiyaya kan burtali da iyakar gona sau da yawa yakan tsananta ne saboda kowa da bakinsa yake ba da shaida. Hatta korar giwaye daga gonaki, a ƙasar Tanzaniya an gwada yin ta da waɗannan ƙananan jirage an kuma ga giwaye na kauce musu, ana jin saboda ƙararsu ta yi kama da ta zuma, wadda giwa ba ta ƙauna.

To sai dai kada mu yaudari kanmu ko mu yaudari yaranmu. Jirgin da ɗalibi zai haɗa a aji ba zai tsare Bouba Ndjida ba. Mintoci kaɗan yake yi a sama batirinsa ya ƙare, iska mai ƙarfi tana kayar da shi, kuma ba ya nisa. Masu irin wancan aiki manyan jirage ne masu tsada. Amma tambayar ita ce, idan an kawo manyan, wa zai tuƙa su, wa zai gyara su in sun lalace? Mun sha ganin yadda ake kawo injuna na miliyoyin sefa da sunan taimako, a yi biki a yanke ƙyalle, bayan shekara guda a same su a ɗaki ƙura ta rufe su saboda wata 'yar waya ta tsinke, mai gyara kuma sai an ɗauko shi daga Duwala ko daga Turai. Wanda zai gyara babba, da ƙarami yake fara koyo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga waɗanda suke ganin abin kamar siddabaru ne, yana da kyau mu bayyana yadda yake. Gangar jikinsa sanduna ne guda biyu da aka gicciye, ana iya yin su da katako mara nauyi ko roba ko gorar ruwa ta aluminiyam. A ƙarshen kowane hannu akwai ƙaramin injin lantarki ɗauke da farfela. Biyu daga cikin farfelun suna juyawa dama, biyu suna juyawa hagu, domin da a ce duka gefe guda suke bi, da jirgin kansa ya riƙa wulwulawa kamar katantanwa. Idan aka ƙara wa duka huɗun gudu sai ya tashi, idan aka rage sai ya sauko. Idan na baya suka fi na gaba gudu sai ya sunkuya ya yi gaba, haka kuma hagu da dama. Ba shi da wutsiya ba shi da fiffike, bambancin gudun injunan nan huɗu shi ne dukkan tuƙinsa.

Hannun ɗan Adam ba zai iya daidaita injuna huɗu a lokaci guda ba, shi ya sa ake sa masa wani ɗan allo a tsakiya wanda shi ne ƙwaƙwalwarsa. A kan allon akwai irin na'urar da ke cikin wayar salula mai gane cewa an karkata ta. Ita ce ke jin jirgin ya kauce, ta umarci injin da ya dace ya ƙara ko ya rage, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Tsakanin allon da kowane inji akwai wata 'yar na'ura mai daidaita wutar da ke shiga. Sai batir, sai rimot da mai karɓar saƙonsa. Manhajojin da ake ɗora wa allon, irin su Betaflight da ArduPilot, kyauta ne ga duk mai intanet. Iyakar abin ke nan.

Yanzu a dubi abin da yaro zai koya kafin wannan abu ya bar ƙasa. Zai koyi like waya da dalma yadda ba za ta saki ba. Zai koyi auna wuta da mita, ya san bambancin ƙarfin wuta da yawanta. Zai yi lissafin nauyi, domin masu sana'ar sukan so ƙarfin ɗagawar injunan ya ninka nauyin jirgin sau biyu. Zai gane cewa injin da ke juyawa baibai, musanya biyu daga cikin wayoyinsa uku kawai yake bukata. Zai taɓa kwamfuta don wani aiki ba don kallon fim ba. Sama da duka zai koyi haƙuri, don kuwa jirgin farko faɗuwa yake yi, a gyara, ya sake faɗuwa, a sake bincike har a gano dalili. Ko da wannan yaro bai sake taɓa jirgi ba a rayuwarsa, ya riga ya sami hannun gyaran faranti mai amfani da hasken rana, da famfon rijiyar burtsatse, da wayar salula, waɗanda duk aikinsu ke neman ma'aikata a ƙauyukanmu.

Ba kuma baiwa muka rasa ba. Yaran da ke ƙera mota da karan dawa da gwangwanin madara, da samarin da ke zaune a rumfunan gyaran waya a babbar kasuwar Garwa suna cire abin da ido da ƙyar yake gani suna mayarwa, su ne shaida. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero a Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur da injin Honda Civic. A Yamai, Aziz Kountché ya fara ne da sha'awar ƙera ƙananan jirage, ya kuma kafa kamfanin Drone Africa Service a 2016. A nan gida Kamaru, William Elong da kamfaninsa na Will & Brothers a Duwala sun nuna jiragen da suka haɗa a cikin ƙasa a farkon 2018. Shi kansa kamfanin DJI na ƙasar Sin, wanda ya fi kowa sayar da waɗannan jirage a duniya, wani ɗalibi ne mai suna Frank Wang ya assasa shi a 2006, bayan ya fara gwaje-gwajensa a ɗakin kwanan ɗalibai a Hong Kong.

Wasu ƙasashen Afirka ba su tsaya jiran sa'a ba. Ruwanda ta fara kai jini asibitocin karkara da jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline a 2016, jihar Kaduna a Najeriya ta bi sahu a 2022. Malawi kuwa, tare da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta buɗe makarantar koyon haɗawa da tuƙa waɗannan jirage a Janairun 2020. Babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da ya fi Mayo-Rey bukata, idan aka tuna yadda mara lafiya ke shan wuya da damina tsakanin Rey Bouba da Tcholliré ko Touboro.

Mun san abin da jami'an tsaro za su ce, kuma ba mu raina maganarsu ba. Wannan yanki ne da ya sha fama da zargina masu tare hanya da masu satar mutane don kuɗin fansa. A yankin Tafkin Cadi 'yan ta'adda sun riga sun fara amfani da ƙananan jirage wajen leƙen asiri da kai hari. Filin jirgin saman Garwa yana tare da sansanin mayaƙan sama, kuma a nan ne Amurka ta girke sojoji kimanin 300 da jiragen leƙen asiri a 2015 don yaƙi da Boko Haram. Ga kuma dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014, wadda hukuncinta ba wasa ba ne. Jandarman da ya ga wani abu yana tashi a bayan gari bai san na wane ne ba, yana da hujjar ɗaukar mataki. Saboda haka duk uban da ya ƙyale ɗansa yana gwada irin wannan abu a ɓoye, ya jefa shi cikin hatsari.

Amma hani baki ɗaya ba zai magance wannan damuwa ba. Ɗan ta'adda ba ya zama ya yi wata uku yana koyon dalma a makaranta, da kuɗinsa yake sayen wanda aka gama haɗawa ya shigo da shi ta barauniyar hanya. Wanda hanin zai kama shi ne ɗan talaka mai son ilimi. Bugu da ƙari, ƙasar da maƙiyanta suka iya wani abu, 'ya'yanta kuma aka hana su saninsa, ita ce ta yi asara sau biyu. Sojojinmu da masu gadin daji su ma daga cikin yaran nan za a ɗauke su gobe. Abin da aka yi shi a fili, da rajista da sunan kowa, ya fi sauƙin sa ido a kan abin da aka kora zuwa bayan ɗaki.

Don haka muke ba da shawarar a yi tsari mai sauƙi. A kafa ƙungiyoyin ɗalibai a makarantun koyon sana'a, kowace a ƙarƙashin malami guda da zai ɗauki alhaki. A rubuta sunayen ɗalibai da adadin jiragen a kai wa hukumar mulki da ta jandarma ta garin. A ware fili guda, kamar filin ƙwallon makaranta, da rana da lokacin da aka sani. A fara da 'yan ƙananan da ba su da kyamara. A Turai da Amurka an sassauta ƙa'ida ga jirgin da bai kai giram 250 ba, an kuma taƙaita tashi zuwa kimanin mita 120, wanda ke nuna ana iya bambanta abin koyo da abin kasuwanci. Muna roƙon hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, wadda ita ke da hurumin ba da izini, ta fito da hanya mai sauƙi ga makarantu, ta kuma bayyana ta da Fulatanci da Hausa a gidajen rediyo, yadda malami a Rey Bouba ba sai ya tafi Yawunde neman takarda ba.

Su ma masu koyo akwai iyakokin da ba a tsallakewa. Ba a matsar filin jirgi, ko barikin soja, ko madatsar Lagdo, ko fadar Lamiɗo. Ba a shiga gandun daji sai da yardar mai kula da shi. Ba a tashi da dare ko a kan taron jama'a. Sannan akwai abin da dokar Turai ba za ta koya mana ba, wato hurumin gida. Katangar da magidanci ya gina don suturta iyalinsa, ba ta zama banza ba don an sami abin da ke tashi sama. Duk wanda ya ɗora kyamara ya bi ta kan gidajen mutane, ya ci amanar unguwa, kuma shi ne zai jawo a rufe ƙofar ga kowa.

Haka nan a kula da lafiya. Batirin lithiyam da waɗannan jirage ke amfani da shi ba irin na tocila ba ne. Kowane ɗaki nasa yana ba da bolt 3.7, yana cika a 4.2, kuma idan aka wuce haka wajen caji, ko aka huda shi, ko aka bar shi a rana, yana iya kumbura ya kama da wuta mai wuyar kashewa. A ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, kuma ɗakuna da yawa na ciyawa ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A yi caji da cajar da aka yi dominsa, a kan siminti ko ƙasa, da bokitin yashi a kusa, da mutum a tsaye. Batirin da ya kumbura an gama da shi. Farfela kuma tana yanka kamar aska, don haka duk gwajin da za a yi a kan tebur sai an cire ta. Ƙurar hunturu tana cin injuna, a riƙa share su. Waɗannan duka dalilai ne da ke ƙara nuna cewa wurin wannan aiki gaban malami ne.

Saura batun kuɗi. Injuna da allo da batir ba a ƙera su a nan, sai an yi odarsu, kuma kafin su iso arewa kuɗin sufuri da na kwastan sun hau kansu. Ɗan manomi shi kaɗai ba zai iya ba, amma jirgi ɗaya ya ishi ɗalibai goma su koya, a kwance a sake haɗawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kamfanin SODECOTON, wanda ke da hedkwata a Garwa tun kafa shi a 1974, shi ne zai fi kowa cin moriyar matasan da suka iya duba gona daga sama, don haka ya dace ya ɗauki nauyin kayan koyo a wasu makarantu. Ƙungiyoyin kare namun daji da ke aiki a Bouba Ndjida su sa horar da 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye da dajin cikin kasafinsu, domin wanda yake cin abinci daga daji shi ne zai fi kishin tsaronsa. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, da ta Ngaundere da ta Marwa masu sassan koyon fasaha, su riƙa turo ɗalibansu lokacin hutu su horar da malaman sakandare. Magadan gari kuma su san cewa abin da ake kashewa a liyafa guda zai iya buɗe irin wannan aji.

Muna kira na musamman ga Mai Martaba Lamiɗon Rey Bouba da sauran iyayen ƙasa. A wannan yanki, abin da fada ta sa wa albarka ba ya samun tsaiko, kuma iyayen da ke ɗari-ɗari za su saki jiki idan suka ji daga bakin sarakuna da malamai. Kada kuma a bar 'yan mata a baya. Aikin dalma da lissafi ba ƙarfin damtse yake bukata ba, natsuwa yake bukata.

Ga iyaye kuwa, idan kuka ga yaro yana kwance tsohuwar rediyo yana tara wayoyi, kada ku yi saurin cewa ɓarna yake yi. Ku kai shi wurin malami ko wurin mai gyaran da kuka amince da shi. Ku kuma samari, ku fara da ƙarami, ku nemi izini kafin ku tashi komai, ku riƙa rubuta abin da kuka gwada, kada kuma jirgi ya hana ku karatun aji, don lissafin da kuke gudu shi ne ke riƙe shi a sama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waɗannan jirage sun riga sun shigo sararin samaniyarmu, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage gare mu shi ne mu zaɓa, ko 'ya'yanmu su kasance cikin masu haɗawa da gyarawa, ko su dawwama cikin masu ɗaga kai suna kallo ana biyan baƙi. Muna fata Gwamnan Jihar Arewa da jami'an ilimi da na tsaro za su zauna teburi guda kan wannan batu kafin shekarar karatu mai zuwa, a fara ko da makaranta ɗaya ce a Mayo-Rey, a ga abin da zai biyo baya.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.